Wanda Ya Rufe Ƙofar Tumaki

Surukina Murdo bai ko cire takalman roba ba ya shigo kicin. Ya ajiye wani ɗan tunkiya jiƙaƙƙe a kwalin da ke kusa da murhu, sannan ya juyo ya dube ni da jajayen idanunsa.

"Kin ga aikin saurayinki, Briar?"

Me zan ce? Ai da hannuna na taya su kwashe gawarwakin.

Iskar kudu ce ta taso da dusar ƙanƙara a tsakiyar haihuwar tumaki. Kowa a gonarmu ya san ƙofar da ke tsakanin filin bakin tafkin Ohau da jerin itatuwan kare iska ba a rufe ta a watan Oktoba, don in sanyi ya sauko kowace tunkiya ta ja ɗanta zuwa mafaka. Ranar sai wani ya rufe ta. Tumakin suka taru a jikin waya suna kuka, mafaka ga ta a gabansu, hanya babu. Da gari ya waye 'ya'yansu na zube a filin kamar farin wankin da iska ta kakkaɓo daga igiya.

Hanyar tsakuwar da masu yawon keke suke bi ta ratsa ta wannan ƙofa. Rawiri kuwa shi ne jagoran da ke biyo bayan ayari, aikinsa ya gyara tayar da ta fashe, ya lallaɓa wanda ya gaji, ya kuma kula da ƙofofi. Dokar ɗaya ce, ko yaron goye ya san ta: yadda ka sami ƙofa, haka za ka bar ta. Shi ya zo da ƙafarsa washegari, ya taya kwasa har la'asar, sannan ya cire hula a gaban Murdo ya ce shi ya rufe.

Shi ne kuma mutumin da ya nemi aurena a ƙarshen lokacin yawon keke na bara.

"Mutumin da bai san tunkiya ba sai a faranti," in ji Murdo. "Shi za ki kawo mini gidan Callum?"

Callum marigayi mijina ne. Shekara uku ke nan da babur mai ƙafa huɗu ya kife da shi a gangaren bayan gida, ya bar ni da 'yarmu Tilly. Tun daga nan nake zaune a ƙaramin gidan da ke gefen na iyayensa, ina dafa wa masu keke abincin rana a rumfar askin tumaki.

"Murdo, kuskure ne. Ai ya ba ka haƙuri."

"Haƙuri! To in zuba haƙurin a kwalba in shayar da marayun nan?" Ya nuna kwalayen. "Hanyar nan da yardata ta bi ta gonata. Gobe zan sa mata kwaɗo. Na gaya wa masu kamfaninsu, na gaya wa maƙwabta. Masu keken nan su kwashe matsattsun wandunansu su bi titin mota."

Fergus, maƙwabcinmu na gabas, yana zaune a teburi yana shafa man shanu a burodi kamar gidansu. Tun ranar da abin ya faru yake zuwa da karnukansa yana taimako, kuma gaskiya ya yi aiki. Sai dai duk wanda ya gan shi ya san ba tumaki kaɗai suka kawo shi ba.

"Ni dai ban ga laifinsa ba," ya ce yana murmushi. "Mutum yana tafe yana kallon duwatsu yana ba tsofaffi labari, ina zai tuna da tunkiya?"

"Ka ci burodinka, Fergus," na ce.

Noeline, surukata, ta jira mazan suka fita, sannan ta jawo kujera kusa da ni. Ita ba ta ɗaga murya. Nata ya fi zafi.

"'Yar nan, ba ƙin ki muke ba. Kin ga abin da Fergus ya yi da safe? Ya feɗe mataccen ɗa ya sa wa maraya fatar, uwar ta sansana ta karɓe shi. Haka abin yake. Yaro ba ya zama lafiya sai a hannun wanda yake da warin wurin. Rawiri yaron kirki ne, amma yau yana nan, gobe yana bakin teku. In sanyi ya shigo aikinsa ya ƙare. Ina za ki kai mana Tilly? Ita kaɗai Callum ya bar mana."

Hawaye suka cika mini ido. Na miƙe na ɗauki kwalaben madara don kada ta gani.

A rumfa na sami Tilly zaune a kan buhun ulu, da wani ɗan tunkiya a cinyarta. Shekararta bakwai, yarinya ce mai surutu kamar rediyo, amma tun ranar ƙanƙarar ta yi shiru. Abinci ma sai dai ta jujjuya cokali. Na ɗauka ganin gawarwakin ne.

Na miƙa mata kwalba. Ba ta karɓa ba.

"Mama."

"Na'am, 'yar lele."

"In mutum ya yi abu don ya taimaka, sai abin ya zama mugu, shi ma mugu ne?"

Na durƙusa a gabanta.

"Wane abu, Tilly?"

Ranar ƙanƙarar, da yake ana hutun makaranta, Rawiri ya bar ta ta raka ayarin a kan ƙaramin kekenta har iyakar gona, ta dawo ita kaɗai kamar yadda ta saba.

"Na ga ƙofar a buɗe," ta ce. "Kuma Kaka kullum yana cewa ranar da ya sami ƙofa a buɗe, ranar masu keke sun gama bin gonarsa. Na zaci baƙin ne suka manta. Ban so Kaka ya kori Rawiri ba, Mama. Shi ne na rufe. Na ɗaure sarƙar sosai don kada ta buɗe."

Ta fashe da kuka, irin kukan da ba ya fita sai da shessheka. Na rungume ta da ɗan tunkiyar gaba ɗaya.

"Wa kika gaya wa?"

"Rawiri. Da safen. Ya ce in yi shiru, wai manya za su gyara. Amma bai gyaru ba, ko? Gobe Kaka zai sa kwaɗo. Ni na kashe su, kuma ni na kore shi."

Na share mata fuska da gefen rigata. Ban yi mata ƙarya na ce ba komai ba, don yarinyar gona ce, ta ga abin da ta gani. Na ce mata dai, "Ki bar mini wannan. Nauyin ya fi ƙarfin wuyanki."

Washegari da hantsi na bar ta wajen Noeline, na shiga a-kori-kura na bi gefen tafki zuwa wurin da ayari ke tsayawa shan shayi kafin su shigo gonarmu. Sama a murtuke take. Ruwan da baƙi ke zuwa daga nesa don ganin shuɗinsa, ranar toka-toka yake kamar tsohuwar tasa.

Kekuna na jingine a jikin itatuwa, tayoyi duk taɓo. Wata tsohuwa 'yar birnin Brisbane, mai keke mai batir, tana tsokanar mijinta wai ita ta riga shi hawa tudun.

"Ke da injinki?" in ji shi. "Ni ƙafar da Allah ya ba ni nake amfani da ita."

"To ka koma ka roƙi wata, wannan ta tsufa."

Rawiri na tsugune yana ɗaure wa wani birki. Da ya ɗago ya gan ni sai murmushinsa ya ɗauke. Ya goge hannu a wando ya biyo ni bakin ruwa.

"Uwar gida da kanta? Yau ba naɗaɗɗen burodi da cuku ke nan. Baƙina za su yi mini tawaye."

"Tilly ta gaya mini."

Ya ɗauki tsakuwa ya juya ta a hannu, bai jefa ba.

"Na so ta ƙara daurewa," ya ce.

"Ta daure? Yarinyar ba ta cin abinci, Rawiri! Ka ɗora wa 'yar shekara bakwai sirri, ka ce ta yi shiru?"

"To me kike so in yi? Tana tsaye cikin gawarwaki tana rawar ɗari, kakanta na ihu a bayanmu yana cewa wanda ya yi wannan bai cancanci ya taka ƙasa ba. In ce masa ga ta nan? Briar, makarantarsu aji biyu ne kacal. Duk 'ya'yan manoma. Kin san sunan da za su sa mata. Za ta yi aure ta haihu a kwarin nan ana cewa ita ce wadda ta rufe ƙofa."

"Kai fa? Kai ba suna gare ka ba?"

"Ni nawa sunan a jaka yake, inda na je in tafi da shi." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Dama Murdo ya ce ban san tunkiya ba. Na tabbatar masa, hankalinsa ya kwanta."

"Kada ka yi mini wasa. Ba ranar wasa ba ce."

Ya sunkuyar da kai. "Masu kamfani sun kira ni. In aka rufe gonar, wannan ne ayarina na ƙarshe a nan. Za su mai da ni hanyar yamma, can bayan duwatsu."

Hawayen da nake riƙewa tun jiya suka ɓalle.

"Shi ke nan? Ka yanke hukunci kai kaɗai? Ka zo ka koya wa 'yata gyaran sarƙar keke, ka koya mata dariya bayan ta manta yadda ake yi, ni kuma ka sa na cire baƙin da na rufe zuciyata da shi, sannan ka tafi da laifin da ba naka ba, ka bar ni da Fergus yana cinye mana man shanu?"

"Ku biyo ni mana." Muryarsa ta karye. "Na faɗa miki tun bara. Ɗakina ƙarami ne, amma zai ɗauke mu."

"In cire ta daga inda kabarin ubanta yake? Daga dokinta, daga kakarta? A wannan halin da take ciki? Ka san ba zan iya ba."

"Na sani. Shi ya sa nake son ki, shi ya sa kuma nake jin haushinki."

Muka tsaya muna kuka kamar yara, iska na kaɗa mana riguna. Daga nesa tsohuwar nan ta hango mu, ta juya baya ta shiga ba sauran labari da ƙarfi don kada su duba.

Na share ido. Ni ba mai tsayawa kuka ba ce in akwai abin yi.

"Ka kawo su ƙofar iyaka yadda ka saba. Zan riga ku. Zan gaya wa Murdo gaskiya, ni da shi kawai. Jikarsa ce, ba zai tona ta ba. In ya san ba kai ba ne, ba shi da hujjar kwaɗo."

"Briar, kada ki yi."

"Ka kawo su, na ce."

Na sami Murdo a ƙofar iyaka shi kaɗai, da sabuwar sarƙa a kafaɗa, tsohuwar karyarsa na kwance a gindin shinge. Yana ta fama da kwaɗon, yatsunsa da sanyin ƙashi ya lanƙwasa sun ƙi ba shi haɗin kai.

Ban yi kwana-kwana ba. Na gaya masa duka, har da maganarsa da ta sa yarinyar ta yi abin da ta yi.

Bai ɗago ba. Bai ko yi mamaki ba.

"Kin gama?"

"Murdo, ka ji abin da na ce kuwa? Ba Rawiri ba ne."

"Ni na buɗe ƙofar da safen da muka sami gawarwakin, Briar. An naɗe sarƙar a ƙarfen ƙasa, daidai gwiwata, zagaye uku, kamar yadda take ɗaure ƙofar dokinta. Wane ƙato ne zai durƙusa ya ɗaure ƙofa a nan? Na san hannun jikata."

Na dafa shinge.

"Ka sani? Ka sani, ka tsaya yana ba ka haƙuri?"

"Ya kawo mini ƙarya a faranti, na karɓa na gode. Ban ce shi mugu ba ne. Abin da ya yi, namiji ne ya yi." Sai a lokacin ya dube ni, na ga idonsa ya yi ruwa. "Amma zai tafi da ku. Ko bana ko baɗi. Na binne ɗa ɗaya, ba zan tsaya ina ɗaga wa jikata hannu a bakin titi ba."

"Wannan zalunci ne."

"Ki kira shi yadda kike so. Duk kwarin nan sun ji cewa jagora ne ya rufe. Kina so ki wanke shi? Bismillah. Ki bi gida gida ki ce 'yarki ce. Maza biyu sun rufa mata asiri, sai uwarta ce za ta tona?"

Gaba kura, baya sayaki. Daga can gangare na soma jin ƙarar tayoyi a kan tsakuwa, da 'yar ƙararrawar keken tsohuwar nan.

Na tuna fuskar Tilly a kan buhun ulu. Na tuna cokalin da take jujjuyawa. Ko Rawiri ya zauna ko ya tafi, yarinyar nan tana kwana tana tashi da tsoron ranar da kakanta zai sani. Wannan tsoron shi ke cin ta, kuma mutum ɗaya ne a duniya zai iya cire mata shi.

"Ba ni kwaɗon," na ce.

Ya dube ni da shakka.

"Ni zan rufe, da hannuna, a gabansa, tunda abin da kake so ke nan. Amma yau kafin a ci abinci za ka ɗauki jikarka ka ɗora a cinya. Ka ce mata ka sani tun ranar farko. Ka ce mata bakinka ne ya rufe ƙofar nan kafin hannunta. Ka ce mata kai ma ka taɓa asarar tumaki da gangancinka, don na san ka taɓa. Kuma ka ce mata tafiyar Rawiri aikinka ne, ba nata ba. In ka rage kalma ɗaya, Murdo, wallahi gobe da safe ba za ka same mu a gonar nan ba."

Murdo ne fa, mutumin da ban taɓa ji ya ce ya yi kuskure ba tun da na shigo gidansu.

"Zan faɗa," ya ce a hankali.

"Fergus kuma ka gaya masa ya ci burodi a gidansu."

Ya miƙo mini kwaɗon.

Ayarin ya ɓullo daga kwana, riguna ja da rawaya a cikin hazo. Yau Rawiri ne a gaba. Da ya hango ni tsaye a bakin ƙofa sai ya miƙe a kan feda ya ƙara gudu, fuskarsa ta washe, ya zaci na ci nasara.

Na jawo ƙofar. Na zagaya sarƙar. Ƙarfen ya yi sanyi har yana cizon hannu.

Ya ja birki 'yan taku kaɗan daga gare ni, tsakuwa ta watsu. Ya dubi hannuna, ya dubi Murdo, ya dawo da ido kaina. Ban kawar da kai ba. Na so ya gani da kyau, don kada ya zauna yana jira.

Na danna kwaɗon ya ce ƙas.

"Tilly fa?" Abin da ya tambaya ke nan, da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Za ta ci abinci yau," na ce.

Ya gyaɗa kai ya daɗe yana gyaɗawa. Sannan ya juya kekensa, ya ɗaga murya yadda ya saba, har da 'yar raha a ciki: "Jama'a, an canza hanya! Titin mota za mu bi, ya fi tsawo, amma akwai mai sayar da kofi a ƙarshensa."

Ɗaya bayan ɗaya suka juya. Shi ya tsaya sai da na ƙarshe ya wuce, sannan ya bi bayansu. Bai waiwayo ba.

Murdo ya miƙo hannu in ba shi makullin. Na dube shi, na zura shi a aljihun rigata.

"Ka fara cika naka alkawarin," na ce. "Mu je, tana jira."